Abin da Wanzami Ya Gani a Bakin Barira

Sunana Mariyama. Tela ce ni, ina ɗinkin kayan mata a cikin gida a nan Matamaye. Maigidana Lawali gero da wake yake sayarwa a kasuwa. 'Ya'yanmu huɗu, Barira ce auta, kuma labarinta ne wannan.

Na daɗe ina cewa zan rubuta shi, ban yi ba. Sai kwanan baya wata mata ta kawo mini ɗinki da jariri a goye. Ta kwance shi tana ba shi nono muna magana, kawai na ga fari yana fitowa ta hancinsa. Ban san lokacin da na jefar da almakashi na karɓe shi ba. Na haska bakinsa da fitilar salula, na duba, na sake dubawa. Lafiyarsa lau, ƙwarewa ce kawai ya yi. Matar ta tafi tana yi mini kallon mai taɓin hankali. A ranar na sayi littafi da biro.

Da hantsi na haife ta, ana tsakiyar girbi, a ɗakina, kafin ma a samo motar da za ta kai ni likita. Ungozoma ta wanke ta, ta ce komai nata cikakke ne. Gaskiya ta faɗa a abin da ido ke gani. Leɓe lafiya, hanci lafiya, gashi baƙi wuluk. Washegari aka kai ta awo, aka rubuta kilo uku da ɗan ɗori a karne, wato katin awo.

Na shayar da yara uku kafin ita, na san yadda jariri ke kama nono. Sai ki ji ya ja har cikin ƙashin bayanki. Barira tana kamawa, tana motsa baki da sauri da sauri, amma ba na jin ja ko kaɗan. Sai wani ɗan sauti kawai, cak-cak-cak. Takan yi rabin awa a haka, gumi ya jiƙa mata goshi, ta yi barcin gajiya, ba a jima ba ta farka da kuka. In na matsa mata nonon a baki da hannuna, sai in ga ya dawo ta hanci. Na gaya wa Inna, mahaifiyar Lawali, da muke zaune gida ɗaya. Ta ce, “Tumbuɗi ne, 'yar nan. Wane jariri ne ba ya yi?”

A gidanmu mun daina cire wa yara belu, wato ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen baki. Da aka cire wa ɗanmu na biyu, jini ya ƙi tsayawa, sai da muka kwana biyu a likita. Tun daga nan ni da Lawali muka ce an gama. Inna ba ta so ba, amma ta yi shiru. Saboda haka ranar sunan Barira aski kawai aka yi mata, ba wanda ya buɗe bakinta.

Mako na uku na koma awo. Tun da safe nake layi, rana ta take kafin a zo kaina. Aka ɗora ta a sikeli, ta ragu. Matar da ke awon ta ce, “Ki riƙa ba ta nono sosai, dare da rana.” Na ce ai ba na sauke ta. Ta ce, “To ki ƙara.” Ta kira ta bayana. Ban ga laifinta ƙwarai ba, mata sun fi ƙarfinta ranar. Amma har yau in na tuna sai in ce, da ta ɗauki daƙiƙa goma ta leƙa bakin nan. Sai kuma in tuna ni da ke riƙe da yarinyar kullum, ni ma ban leƙa ba.

Daga mako na huɗu gida ya cika da masu shawara. Wata ta ce iska ce, aka kawo turare. Wani ya kawo rubutu, ni na sha a madadinta. Goggon Lawali ta taso tun daga Yauri, ta ce nonona ne ya lalace, a gwada. Aka sa na tatsa a ƙoƙo, da ƙyar ya rufe gindin ƙoƙon, don ya fara janyewa. Aka kamo tururuwa uku aka jefa. In sun mutu, nono ne mai cutar. Mata biyar muka sunkuya muna kallon tururuwa, ni kamar ana yi mini shari'a. Duk ukun suka yi iyo suka fito, suka kama hanyarsu.

Inna ta miƙe ta kakkaɓe zane. “To, nono dai ya fita. Saura abin da kuka ƙi yi.”

Duk mun gane belu take nufi.

A lokacin Barira ta zama abin tausayi. Fatar cinyarta ta yi laushi tana naɗewa kamar tsohon ƙyalle. Maɗigarta ta faɗa. Kukanta ya koma siriri, sai ka matso za ka ji. Wata rana Lawali ya dawo kasuwa ya ɗauke ta a tafin hannu biyu, ya ɗaga ta sama kaɗan ya sauke, kamar yadda yake jin nauyin hatsi. Can ya ce, “Mariyama, da ƙyar ta kai tiya guda ta gero.”

Ya gaya mini a kasuwa har an fara magana, wai 'yar mai hatsi ce ke tamowa. Ya ce ba maganar ce ta dame shi ba. Abin da ya dame shi, yana zaune a tsakiyar buhuna tun safe har yamma, kuma ba ƙwaya ɗaya a ciki da za ta amfani 'yarsa.

Ranar da ta cika kwana arba'in da biyu na je ɗakin Inna da kaina. Na durƙusa na ce, “Inna, a kira wanzamin.” Ni da na rantse ba za a ƙara sa wa ɗana ƙarfe a baki ba. Ina so duk mai karanta wannan ya san ba jahilci ne ya kai ni ba. Na san haɗarin, na gan shi da idona. Amma in kana kallon ɗanka yana narkewa, duk ƙofar da aka nuna maka sai ka ƙwanƙwasa.

Inna ta ce wanda ya yi wa ɗanmu na biyu yaro ne, bai iya ba. Ita Baba Alasan za ta aika wa a Tsauni, wanda ya cire wa duk 'ya'yanta, har Lawali.

Ya zo washegari da safe a bayan kabu-kabu. Tsoho ne dogo, siriri, gemu fari fat, da zabirarsa ta fata a rataye. Ya gaisa da Inna a natse, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida inda haske yake. Ya jera kayan aikinsa, ya wanke hannu, ya yi bisimilla. Inna ta zauna ta ɗora Barira a cinya. Ni na tsaya bakin ƙofar ɗaki na juya baya, na kama ƙyaure, ina jiran in ji ihun.

Ban ji ba.

Shirun ya yi yawa, sai na waiwaya. Baba Alasan ya danne harshenta da ɗan itace, ya karkata kansa yana leƙe. Ya ce a juya ta wajen rana. Ya sake leƙawa. Sai na ga ya zare itacen a hankali, ya ɗauki ƙaramar askar da ya riga ya fitar, ya goge ta a hannun riga, ya mayar da ita zabira.

Inna ta ce, “Lafiya, Baba Alasan?”

Ya ce, “Hajiya, babu abin yanka a nan.”

“Kamar yaya babu?”

“Kira uwar ta zo ta gani da idonta.”

Na zo na durƙusa. Ya sake buɗe bakin, ya ce, “Kada ki dubi harshe. Dubi sama.”

Na duba. Inda ya kamata in ga ganɗa, wato rufin baki, a shafe sumul, sai na ga tsaga. Ta faro daga tsakiya ta tafi har can ciki, tana ƙara faɗi, ja a gefe da gefe, duhu a tsakiya. Belun ma da ake ta magana a kansa rabe yake biyu, rabi nan, rabi can. Ina kallo ta yi numfashi, na ga cikin hancinta ta cikin bakinta.

Na ce, “Inna lillahi.” Na zauna a ƙasa daɓas.

Baba Alasan ya ce, “Tun ina saurayi nake leƙa bakin jarirai. Wannan shi ne na uku da na gani. Na farko ban san mene ne ba, na yanka.” Bai faɗi abin da ya biyo baya ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya ce, “Yarinyar nan ba ƙin nono take yi ba. Kwana arba'in tana aiki, abin yana zubewa ta sama. Ni abin da ya ba ni mamaki, yadda ta kawo yau.”

Inna ta rufe fuska da gyale.

Lawali, da ke tsaye a gefe, ya miƙa masa abin goro, tsohon ya ture hannun. Ya ce ba a biyan aikin da ba a yi ba. Ya ce mu tashi yanzu mu kai ta likita, kada a jira la'asar. Sai ya rataya zabirarsa ya ce zai raka mu, don kada mu je mu kasa bayani a sake cewa a ƙara nono.

Wanda ya san likita ya san ba a shiri da wanzamai a can. Da majo, wato babban ma'aikacin da ke duba marasa lafiya, ya hango zabira, sai ya haɗe rai. Ya ce, “Me kuka yanka mata?”

Baba Alasan ya ce, “Ban yanka ba, ɗana. Kawo fitilarka ka duba sama.”

Majo ya duba. Ya ɗago, ya dubi tsohon, ya sake dubawa. Sai ya ajiye fitilar, ya miƙe tsaye, ya ba shi hannu biyu. Ni dai ban taɓa ganin haka ba, kuma ban ƙara gani ba.

A ranar aka kwantar da mu a ɗakin yara masu tamowa. Kilo biyu da rabi ta yi. Aka zura mata wata siririyar roba ta hanci har ciki, aka manne ta a kumatu, ta nan ake ɗura mata madara da sirinji. Lokotoron da ya zo, wato babban likita, ya faɗi sunan abin da Faransanci, na sa ya maimaita har na riƙe: fant falatin. Ya ce da Hausa tsagewar ganɗa. Ya ce tun tana ciki ne gefe biyu na rufin bakin ba su haɗu ba, ba abin da na ci ba ne, ba abin da na taka ba ne. Na ce to me ya hana ta tsotso? Ya ce, “Kin taɓa zuƙar ruwa da karan da ya tsage?” Nan take na gane. Duk cak-cak ɗin nan da nake ji, iska take ja.

Ya ce ana ɗinkewa. Na ce, “Ɗinki? Kamar na riga?” Ya yi dariya ya ce kusan haka. Amma sai ta shekara, kuma sai ta kai kilo takwas. Kilo takwas! Na dubi abar da ke kwance a gado, na ji kamar an ce mini in cika rijiya da cokali.

Kwana goma sha tara muka yi. Ɗakin cike yake, wani gadon yara biyu. Zafi, ƙuda, kukan yara, ga layin famfo kullum da safe. Akwai ma'aikaciyar da in ta yi miki tsawa sai kin ji kamar ki ɗauki ɗanki ki gudu. Akwai kuma wata, Allah ya saka mata, ita ta zauna da ni ta koya mini tatsa da hannu, bayan kowace awa biyu, ko akwai ko babu. Kwanakin farko cokali biyu nake samu. Na yi kuka na ce ya ƙafe. Ta ce, “Ki ci gaba, jiki yana jin kira.” Rana ta tara na farka rigata a jiƙe sharkaf. Nonon da ya kusa ɗaukewa ya dawo, ba tare da bakin jariri ya ja shi ba. Na zauna ina kallon rigar ina tasbihi.

Saura yadda za ta sha ba da roba ba, don ba za a sallame mu da roba a hanci ba. Aka ce a zaunar da ita a miƙe, a ba ta da cokali kaɗan-kaɗan. Ni ba ni da haƙuri, in na zuba sai ta ƙware ta yi shuɗi, sai in tsorata in ajiye. Kwana uku muna wannan fama.

Inna ce ke kawo mana abinci. Tun ranar wanzami ba ta cika magana ba. Rana ta huɗu ta zo, ta kwance bakin zanenta, ta fito da ɗan ƙaramin gilashin shayi, irin wanda Lawali ke sha da abokansa a ƙofar gida. Ta ce, “Ba ni ita.”

Ta zaunar da Barira a cinya, ta tallafi ƙeyarta, ta zuba nonon a gilashin, ta kai bakinsa kan leɓen ƙasa. Ba ta zuba ba. Ta karkata shi kawai har nonon ya taɓa leɓen, ta tsaya. Ta jira. Na ƙosa na ce, “Inna, ki ɗan ɗaga mana.” Ta ce, “Ki bar ta. Ita ta san hanyar bakinta, ba ke ba.”

Sai ga ɗan harshe ya fito, ya lasa, ya koma. Ya sake fitowa. Kamar 'yar kyanwa. Ta lasa sau uku, ta tsaya ta yi numfashi, ta haɗiye, ta ci gaba. Ba wanda ya koya mata. Yarinya 'yar wata biyu, mai rami a baki, ta samo wa kanta dabarar da mu manya muka kasa. Matan gadajen kusa suka taso suka kewaye mu. Da gilashin ya ƙare Inna ta ɗago, hawaye na bin kumatunta, ta ce, “Ikon Allah. Kuma ni na ce a yanka ta.”

Na ce, “Inna, ni ma na ce.”

Daga ranar Inna ta zama mai ba ta, ni mai tatsa. Haka muka koma gida, haka muka yi wata da watanni. Kowane sha kusan rabin awa yake ci, kuma sau takwas ko fiye a yini. Na rufe keken ɗinki da zane. Sallah ta zo, masu kawo mini ɗinki suka kai wa wasu, waɗansu ba su dawo ba har yau. Yayyenta suka koyi cin tuwon da ya huce. Ba zan ce ban taɓa gajiya ba. Akwai ranar da na tatsa da ƙyar, kaza ta ture kofin, na zauna a tsakar gida na yi kuka kamar an yi mini mutuwa.

Kowane mako ina kai ta awo. Wata huɗu, kilo huɗu. Wata shida, biyar da kaɗan. Na haddace fuskar sikelin nan fiye da fuskar wasu dangina. In allurar ta matsa gaba, ranar har maƙwabta sai sun sani. In ta tsaya, ba na iya cin abinci.

A wata na bakwai kunnenta ya fara zubar da ruwa. Aka ce haka masu irin wannan suke, a riƙa kawo ta da wuri. Da muka fara kunu, sai ya zama sabon yaƙi. Mai ruwa-ruwa ta hanci yake fitowa, ta yi ta atishawa tana kuka. A hankali muka gane mai kauri ya fi zama, sai muka riƙa dama shi da ƙuli-ƙuli da garin wake, wani lokaci da ƙwai. Na lura in ta ɗauki loma sai ta karkata kai gefe guda, ta tura abincin da harshe ta gefen da babu ramin. Kullum gefen hagu. Wannan ma ita ta gano abinta.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓin sauro ya kama ta, tari ya biyo baya ya sauka a ƙirji. Muka koma gadon likita kwana shida. Abin da muka tara a wata biyu ya zube a mako guda.

Tana da wata goma sha uku aka aiko cewa likitocin tiyata masu zuwa lokaci-lokaci sun sauka a Damagaram. Muka shiga motar tasha ni da Lawali, ina ta addu'a a hanya. A can na ga abin da ban taɓa zato ba. Yara da yawa, wasu leɓe a tsage har hanci, wasu manya har sun yi wayo suna rufe baki da hannu. Ashe ba mu kaɗai ba ne. Muka yini a layi. Da aka zo kanmu aka auna ta, kilo bakwai da kusan rabi. Likitan, wani mai furfura da tabarau, ya sa abin sauraro a ƙirjinta ya daɗe. Ya girgiza kai. Ya ce ƙirjin bai washe ba, nauyin ma da saura, sai zuwa na gaba.

Na manta da kunya. Na ce, “Likita, rabin kilo ne fa! Ka san abin da na sha kafin in kawo ta nan?”

Mai fassara ya gaya masa. Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce a gaya mini ya sani, don yana gani a jikin yarinyar. Ya ce, “Bakin nan da shi za ta ci abinci har ta tsufa. Ba zan yi masa gaggawa ba.”

Har muka iso Matamaye ban yi wa Lawali magana ba, kamar shi ya yi mini laifi. Yanzu na san likitan ya yi daidai. A ranar kam na ji haushinsa ƙwarai.

Wata biyar muka ƙara. Ta fara tafiya, tana bin bango. Da likitocin suka dawo, kilo takwas da rabi ta yi, ƙirji fes. Likitan nan ne dai. Ya gane mu, ya ɗaga mini babban yatsa.

Kafin a shiga da ita na tambayi abin da ya daɗe yana damuna. Na ce da me za a toshe ramin? Roba za a sa, ko naman wani wuri za a yanko? Ni a sana'ata in riga ta yage da faɗi, sai an nemo ƙyalle an yi faci. Ya ce babu faci. Ya ce naman da ake bukata duk yana nan a bakinta, a gefe da gefe, tun ranar da aka haife ta. Zai ɗago shi ne kawai ya jawo shi tsakiya ya haɗa. Na ce, “Wato ba abin da ya rasa?” Ya ce, “Ba abin da ya rasa. Ba a gama haɗawa ba ne.”

Wannan magana ta zauna mini. Shekara ɗaya da rabi ina ganin 'yata a matsayin wadda aka rage wa wani abu.

Awa uku suka yi da ita. Ni da Lawali muna zaune a benci a inuwar bishiyar bedi, yana ta jan carbi. Da aka fito da ita fuskarta a kumbure, da busasshen jini a gefen baki, an ɗaure mata hannuwa da kwali a gwiwar hannu don kada ta kai yatsa baki. Kwana biyu tana kuka da wata murya da ban sani ba. A rana ta uku ta yi hamma, na leƙa. Rufi. Rufi cikakke daga gaba har baya, da layin zare a tsakiya, ƙanana, a jere, tazararsu ɗaya. Na shekara goma sha biyar ina ɗinki, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba, kuma a cikin bakin da bai fi cokali faɗi ba.

Bayan mun dawo da wata guda Lawali ya aika Tsauni. Baba Alasan ya zo, ya ƙara tsufa, har ana riƙe masa hannu. Ya ce a kai ta wajen rana. Ya leƙa ya daɗe. Zaren ya narke, sai ɗan farin layi. Ya ce, “Allahu akbar.” Can kuma ya ce da Lawali, “Ka ga irin allurar da ya yi aiki da ita?” Lawali ya ce bai gani ba. Tsohon ya ce, “Kash. Da na so in gani.”

Ba a gama komai ba. Maganarta har yanzu tana ɗan fita ta hanci, an ce sai an riƙa koya mata a hankali, wataƙila ma a sake duba ta in ta girma. Kunnen yakan tashi lokacin sanyi. Ta fi sa'o'inta ƙanƙanta. Amma tana ci, tana sha, tana ƙwace na yayyenta.

Ga abin da nake roƙon duk uwa da duk kaka. In jariri yana daɗewa a nono yana gumi bai ƙoshi ba, in nono yana fitowa ta hanci kullum, in awo yana ja baya, kada ku tsaya gwada nono, kada ku fara neman aska. Ku kai shi haske ku buɗe bakin ku dubi sama. Leɓe yana iya zama lafiya lau alhali ciki a buɗe yake. In kun je likita ku ce a duba, ku nace, ko za a yi muku tsawa. Allah ya saka wa duk wanda ya taɓa yarinyar nan da alheri, wanda na san sunansa da wanda ban sani ba.

Jiya da safe na dama kunu na zuba wa Inna a kwano. Yana da zafi, sai ta ɗebo a ludayi tana hurawa. Barira tana tsaye a gabanta tana kallo. Sai ta kama hannun Inna ta jawo ludayin wajen bakinta. Na zaci sha za ta yi, har na buɗe baki zan ce da zafi. Ashe ba sha ba ne. Ta tara iska, kumatunta suka cika tim, suka tsaya a cike, babu inda ta zurare. Ta tsuke leɓe ta hura.

Kunun ya motsa. Ɗan tururin da ke tashi ya kwanta gefe.

Ita kanta ta tsorata. Ta ja da baya, ta dubi ludayin, ta dubi Inna, ta dube ni. Sai ta matso ta sake hurawa, ta fashe da dariya. Inna ta riƙe mata ludayin, ba ta sha ba, ba ta ajiye ba, har kunun ya huce sarai.